Shago a Kan Taya: Aikin Tsayar da Tirelarmu a Kasuwannin Adar

Asabar, 8 ga Fabrairu 2025

Tirelar ta iso daga Yamai, tana tsakar gidan kawu a nan Tawa. Irin ɗakin nan ne mai taya biyu da Turawa ke ja da mota in za su hutu, karaban. Ta ga jiya ta ga yau, amma rufinta ba ya yoyo. Tsawon ɗakin mita 4, faɗi mita 2 da ƴan kai. Shasin na AL-KO ne na Jamus, farantin da ke wuyanta, wato ƙarfen gaba da ake maƙala wa mota, kuma ya ce iyakarta da kaya kilo 1,000. Ni da ƙanena muna so mu fid da gado da kujeru mu mai da ita shagon gyaran salula da caji, mu riƙa cin kasuwannin Adar: Badagishiri, Keita, Tabalak, in hali ya yi har Abalak. Mutumin ƙauye ba ya son ba direba wayarsa a kai birni, a kwana bakwai ba labari. Gara mu kai masa shagon.

Sola da teburi da akwatunan kaya duk an san yadda ake yi. Abin da zan riƙa rubutawa a nan tsayuwarta ce. Da an kwance ta daga mota, mutum ya taka bakin ƙofa, duk ɗakin sai ya amsa. In ya nufi baya, wuyan ya nemi tashi sama, don tayoyin a tsakiya suke, gaba da baya na lilo a kansu. Ga mai kwana a ciki wannan ɗan abin haushi ne kawai. Ga mai liƙa bakin caji kuwa asara ce. Bakin USB-C haƙora 24 gare shi, tsakanin wannan da wancan rabin milimita. Idonka na cikin madubi, ƙarfen dalma na hannunka, wani ya jingina da bango daga waje, dalma ta haɗe haƙora biyu, sai ka fara neman abin da za ka gaya wa mai waya.

A kusurwoyi huɗu masu ƙira sun sa ƙafafu masu naɗewa, ana sauke su da sifana mai lamba 19. Na gaba biyu suna aiki, sai dai ƙura ta cika zarensu. Ta baya ta hagu ta lanƙwashe, ta dama babu ita sam. Lanƙwasar ta ba da labarin kanta: wani ya ɗaga tirelar da ita don ya canja taya.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na kwanta a tabarma ina kallon ƙarƙashi, ƙanena yana kai-kawo a ciki. Motsin iri uku ne, kuma in ba a raba su ba, za a yi ta sayen ƙarfe a banza.

Akwai na sama da ƙasa. Taya iska ce, aksil ɗin kuma, wato ƙarfen da tayoyin ke jikinsa, ba sifirin gare shi ba, roba ce aka cusa cikin bututunsa, ita ke lotsawa ta dawo. An yi su ne don su yi laushi a hanya, ba kuwa za su daina laushi don an tsaya ba. Akwai na gaba da baya, don ko an ja birkin hannu taya na ɗan mirginawa, bai kai faɗin yatsa ba amma ana jinsa. Sai na gefe da gefe, inda ɗakin ke layi a kan kumatun taya. Wannan ne ya fi shiga hannun mai liƙi. Ƙafa na maganin na farko, weji, abin da ake cusa wa taya don kada ta mirgina, na maganin na biyu. Na uku sai an tokare a karkace, shi zan bari sai ƙarshe.

Ga yadda na fahimtar da ƙanena. Duwatsun murhu uku su ke ɗauke da tukunya. Nan ma manyan tayoyi biyu da ƙaramar tayar gaba su ne duwatsun, nauyi nasu ne. Ƙafafun kusurwa ba su da rabo a cikinsa, nasu kawai su hana girgiza. Shasin siriri ne da gangan don tirela ta yi sauƙin ja, an tsara shi ya zauna a kan aksil da wuya. In ka ɗora nauyi a kusurwa ɗaya can nesa da aksil, murɗe shi za ka yi, bango da daɓe kuma su bi shi.

A YouTube na ga irin matokaran da Amurkawa ke amfani da su. Akwai na kamfanin Camco, na alminiyam, gindi mai faɗi da sanda mai zare a tsakiya, ba a manne suke da tirela ba, ajiye su ake yi a ƙasa. An rubuta kowanne zai ɗauki laba 6,000, wato wajen kilo 2,700, yana miƙewa daga santimita 28 zuwa 43. Lambar na ruɗin mutane. Ƙarfen zai ɗauka, to shasin da ke bisansa fa? Tsarin dai ya yi mini. Kuɗin kawo su Tawa zai fi kuɗin kayan, don haka ƙerawa za mu yi.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Yau kasuwa, na bi layin ƴan gwangwan tare da Baba mai walda, abokin mahaifinmu ne tun suna samari. Jak mai almakashi na ƙananan motoci ga shi nan tuli. Baba ya ɗauki ɗaya ya juya shi.

"Ɗiyana, sayi huɗu in liƙa maka su ga shasi ka huta. Mi ya yi zahi?"

"Baba, ƙarfen nan ba ya son wuta."

"Wane ƙarhe ne ba ya son wuta? Tun ba a haihe ka ba nike walda."

Ba a musu da Baba a tsakiyar kasuwa. Na bari sai da muka koma gida na nuna masa. An tsoma shasin ne cikin narkakken zinki don kada ya yi tsatsa, shi ya sa har yau yake toka-toka, ba ja ko ɗigo. In wuta ta taɓa shi, rufin ya ƙone, wurin ya buɗe wa tsatsa, ga wani farin hayaƙi da ke sa mai walda zazzaɓi da ciwon jiki cikin dare. Masu ƙirar ma sun hana a yi masa walda ko a huda shi. Baba ya karce shi da ƙusa, ya duba, ya ce hayaƙin nan ya san shi, ya taɓa kwantar da shi lokacin da ya yi aikin bututun famfo. Daga nan magana ta mutu.

Ko ba wannan, jak mai almakashi bai kwanta mini ba. Gindinsa tsukakke ne, gaɓoɓinsa da yawa, kowace gaɓa kuma da ɗan wasanta. Yana da ƙarfi in nauyi ya danne shi daga sama, amma tura shi ta gefe ka ga yadda yake rawa. Mu kuwa ba za mu ɗora masa nauyin da zai danne shi ba.

Baba ne ya kawo shawarar da ta fi. Ya aiki yaronsa wurin wani magini ya aro sandar nan mai zare da ake sa wa ƙarƙashin ƙarafan hawa gini don a daidaita tsayinsu. Kaurinta ya haura santimita 3, zarenta manya-manya, notinta mai kunne biyu ne, da hannu ake juya shi. Abin da aka yi don ya rayu cikin siminti da yashi, ƙurar Tawa ba za ta ba shi tsoro ba. Mun samu tsofaffi guda huɗu wurin mai sayar da kayan gini. Baba ya yi cinikin, ni dai na ji "albarka" ta yi yawa kafin a sallama.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

An fara ƙira. Daga ƙasa zuwa shasi, in tirela ta daidaita, santimita 42 ne a baya. Jikin matokarin zai zama santimita 25: faranti a ƙasa, ƙarfe mai kusurwa guda huɗu su taso su haɗu a wani guntun bututu. Sandar na shiga cikin bututun, notin ya zauna a bakinsa. In an juya noti sandar ta hau, ita kanta ba ta juyawa, don haka ba ta gurzar shasi. A kanta Baba ya liƙa ɗan ƙarfe mai baki biyu da zai rungumi shasin, muka shimfiɗa masa guntun tsohuwar taya.

Na shafa jan fenti a zaren, santimita 12 daga sama. Da jan ya leƙo, a tsaya. In har da sauran tazara, a ƙara falanki a ƙasa. Duk yadda sanda ta yi kauri, in ta yi tsawo a waje sai ta yi rawa cikin bututunta, rawar kuma ta haura ɗaki.

Wurin ajiyewa ma na yi masa alama: ƙarƙashin manyan ƙarafan shasi biyu, kusa da ƙarshensu. Ba ƙarƙashin daɓe ba, don katako ne mai laushi, sanda za ta huda shi. Ba kuma jikin aksil ba. Biyu za su zauna a baya. Biyun da suka rage na ko-ta-kwana ne, tunda na gaba na asali suna nan.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Gwaji na farko, a kan yashin tsakar gida. Ba ni da na'urar auna girgiza, sai na cika ƙaramin kofin shayi har baki, na ajiye a kan farar takarda inda teburi zai zauna. Ƙanena ya hau, ya je baya, ya dawo, ya sauka.

Ba ƙafa ko ɗaya: takarda ta jiƙe tun a takun farko. Da ƙafafu huɗu: shayin ya yi rawa, ya leƙa baki, ɗigo biyu suka gangaro. Da na buga weji gaba da bayan kowace taya, na matse da ƙafata, sai ya zama fuskar shayin kawai ke karkarwa. Amma da ya tsaya a waje ya tura bango da tafin hannu, sai ga zuba. Motsin gefe na nan daram.

Bi da bi ɗin ya fi ƙarfen muhimmanci, don haka na rubuta shi da fenti a bayan ƙofa. Tun tirela na haɗe da mota ake daidaita hagu da dama, ta hanyar hawar da tayar da ta yi ƙasa kan falanki. Ma'aunin ruwa irin na magina muke sawa a daɓe, daidai kan aksil. A faɗin mita 2, karkatar digiri ɗaya santimita 3 da rabi ce, kusan kaurin falanki guda ke nan. Sai birkin hannu da weji, sannan a kwance daga mota. Gaba da baya da ƙaramar tayar gaba ake daidaita su. Sai komai ya zauna tukuna ƙafafu ke sauka, na baya kafin na gaba, a juya har su taɓa, a ƙara rabin juyi, a bari. Da hannu, ba da bututu a kunnen noti ba.

Falankin ƙasa ma na yi masa lissafi. Tafin ƙafar asali bai fi santimita 10 a kan 10 ba, murabba'i 100. Falanki mai 30 a kan 30 murabba'i 900 ne. Nauyi ɗaya, amma abin da yashi ke ji ya ragu ninki tara. Na asali da na sauke su kai tsaye, kafin ƙanena ya gama kai-kawo sun nutse har wuya.

Litinin, 10 ga Maris

Azumi, ga wahalar man fetur da ta mamaye ƙasa. Ba mai ƙona mai don gwajin tirela. Mun yi wa matokarai fenti, mun yanka falankai, sauran sai bayan salla.

Asabar, 5 ga Afrilu

Kaya sun shiga: farantan sola biyu a rufi, teburi, madubi, akwatuna, da batura biyu masu amfiya 200, kowanne wajen kilo 60. Ƙanena ya so a sa baturan can baya ƙarƙashin teburi don wuri. Na hana. Kilo 120 a wutsiya zai sa tirela ta riƙa kaɗa gindi a hanya, a tsaye kuma ya mai da matokaran baya ƴan dako. Sun zauna daidai kan aksil, a ƙasa, an ɗaure.

Na ari sikelin da inna ke auna kanta, na sa guntun katako a tsaye tsakaninsa da bakin wuyan tirela. Ya nuna kilo 60. Mu a ƙiyasinmu duka kayan da ita kanta wajen kilo 900 ne, masu karaban a Turai kuma kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari suke nema a wuya, ke nan muna ciki. Amurkawa kan ce kashi 10 zuwa 15, amma tirelolinsu da motocinsu wani gini ne daban. Wanda ya kwaso lissafin can ya ɗora wa wannan zai wuce abin da wuyanta ke iya ɗauka.

Wani abin lura ga mai sayen ƙwallon ja, wanda ake maƙala tirela a kansa a bayan mota, a gwanjo: na Turai milimita 50 ne, na Amurka mai inci 2 kuwa 50.8. A ido ba bambanci. Na kan Hilux ɗin kawu mun auna, 50 ne.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Mun dawo daga Badagishiri, fitarmu ta farko. Lokacin albasa ne, hanya cike da manyan motoci, mun tafi a hankali. Masu kula da kasuwa sun ba mu wuri kusa da tasha, gangare ne kaɗan, falanki biyu tayar hagu ta hau kafin kumfar ma'auni ta zo tsakiya. Kafin mu gama sauke ƙafafu yara sun kewaye mu, wasu na cewa asibiti ne, wasu na cewa masu allurar dabbobi ne.

Da safe komai lafiya. Na canja bakin caji na wata Itel da gilashin wata Tecno, hannu bai ji komai ba. Wajen hantsi sai na fara jin ɗakin na amsawa. Na fita na duba: matokarin baya na dama ya saki, ana iya juya notinsa da yatsa biyu. Yashin da ke ƙarƙashin falanki ne ya zauna. Rubu'in juyi ya isa. Daga yau doka ce: a zagaya ƙafafu bayan awa ɗaya da tsayawa, a sake bayan azahar.

Ina cikin salla abin ya faru. Wani direba da ya kawo waya ya leƙa ƙarƙashi, ya ga tayoyi na ƙasa, ya ce wa ƙanena, "Samari, maigidanka bai san jak ba. Wannan ai ba ta ɗau komi ba." Ƙanena ya ce haka ake so. Mutumin ya girme shi nesa, ya ce a ba shi wuri, ya sa ƙarfen taya a kunnen noti ya yi ta juyi har kusurwar ta ɗaga. Da na dawo ƙofa ta ƙi buɗewa. Harshen makulli ya cije, daga sama kuma ga tazara da yatsa zai shiga. Na tsuguna na sassauta notin ina ƙirga juyi, a na biyar ƙofar ta saki da kanta.

"Malam, ka ga abin da nake gudu," na ce masa. "Motarka shasinta ya fi cinyata kauri. Wannan in ka ɗaga kusurwa, ɗakin ne ke murɗewa."

Ya riƙe haɓa, ya ce shi taimako ya yi niyya. Na san haka. Na gyara masa wayar, muka rabu da dariya. Amma na samu ma'auni kyauta: in an gama sauke ƙafafu, a buɗe ƙofa a rufe. In ta shige ba gardama, ba ƙafar da ta wuce gona da iri.

Babbar matsalar da kasuwa ta nuna mini ba ta ƙarƙashi ba ce. Mutane ne. Duk wanda ya zo sai ya ɗora gwiwar hannu a kan katakon taga, wani ya zauna a matakala yana jira, yara na turereniya jikin bango. Ba ƙarfen da zai hana wannan. Shawarar da muka yanke a hanya: a cire matakala daga jikin tirela a yi mata ƙafafunta, katakon karɓar waya shi ma ya zama teburi mai tsayuwar kansa, da tazarar yatsu biyu tsakaninsa da bango. Mai jingina ya jingina da abin da ba ya taɓa ɗakin.

Lahadi, 27 ga Afrilu

An yi tokarar karkace. Bututu biyu ne siririya, kowanne ya tashi daga gindin matokari ya haura zuwa ƙarfen shasi na ɗaya gefen, suka gicciye. A sama maƙala ce mai noti ke cije shasin, ba huda, ba wuta. Gwajin shayi: ƙanena ya tura bango, fuskar shayin ta yi karkarwa ta tsaya, takarda a bushe. Abin da ya rage shi ne ɗaurawa na cin lokaci, sai an kwanta a ƙasa. A kasuwar wuni ɗaya da wuya mu riƙa sa duka biyu.

Giris ba abokin tafiya ba ne a nan. Wanda aka shafa wa zaren ƙafafun gaba ya kwashi yashi ya zama abin gurza ƙarfe. Mun wanke da kananzir, mun goga bakin fensir a zaren, muka yanka tiyub ɗin babur muka sa musu riga. Manyan sandunan Baba ba a shafa musu komai ba, kuma ba su yi ƙorafi ba.

Falankan da aka bari a ƙasa a gidan kawu, gara ta fara ɗanɗana biyu. An shafe sauran da baƙin mai.

Talata, 20 ga Mayu

Keita. Ƙasar can daban take, tsakuwa da fako da dutse. Tun daga hanya ake ganin layukan duwatsun da aka jera a jikin tuddai don tare ruwa, aikin da aka fara a 1984 da tallafin Italiya, wanda mata suka yi mafi yawan dakonsa. A irin wannan wuri ƙafa ba ta nutsewa, zamewa take yi. Faranti a kan tsakuwa ba ya kama komai, falanki kuma sai ya hau kan dutse ɗaya ya yi ta lilo. Sai da muka share wurin da fartanya, muka shimfiɗa guntun taya, sannan falanki.

A kusurwa ɗaya tazara ta yi yawa har jan fenti ya leƙo. Wani mai shago ya kawo mana bulon siminti mai rami, muka yi godiya muka ajiye shi gefe. Irin wannan bulo ba ya lanƙwasa ya ba ka labari, fashewa yake yi lokaci guda. Falanki uku muka jera, kowanne ya gicciye na ƙasansa.

Mun kwana can, kuma na lura da wani abu. Mun iso da rana tsaka, zafi ya haura digiri 40, tayoyi sun sha kwalta da dutse. Da asuba notocin sun fi yadda na bar su tauri. Iskar taya na raguwa wajen kashi ɗaya cikin goma na bar, ma'aunin iskar taya, a duk saukar digiri 10, ɗakin ya ɗan sauka, ƙafafu su karɓi abin da ba nasu ba. Ba yawa, amma ƙofa ta fara gogar ƙasa. Na sassauta kowanne kaɗan. A yashi ba a ganin wannan, don ƙasar na ba da kai. A dutse babu mai ba da kai sai shasi.

Na kuma ja wa ƙanena kunne a kan abu ɗaya, don na gan shi ya zura kai ƙarƙashi yana neman sifana. Matokaran nan ba na shiga ƙarƙashi ba ne in an cire taya. Ranar da muka yi faci, tirela na haɗe da mota, jak na gaskiya a inda aksil ya haɗu da shasi, weji a ɗaya tayar.

Asabar, 14 ga Yuni

Hadari ya same mu jiya da la'asar a nan Tawa, tirela na filin bayan gida. Ja ya taso daga gabas yadda ya saba, iska ta riga ruwa. Muka tsaya a zaure muna kallo. Gefenta ne ke fuskantar gabas, kuma da idona na ga matokarin ɓangaren iska ya rabu da shasi ya koma, ya sake rabuwa, har ya faɗi. Na ɗaya ɓangaren su suka sha dukan nauyin, falankinsu ya lume cikin jiƙaƙƙen yashi.

Dole haka ta faru. Matokari turawa sama kawai ya iya, ba ya riƙe abin da ke tashi. Gefen ɗakin mita 4 ne a kan 2, murabba'i 8. Iska mai gudun kilomita 70 a awa na danna wajen kilo 25 a kowane murabba'in mita, ke nan kilo 200 a jikin bango, kuma in gudun ya ninka, ƙarfin sau huɗu yake ƙaruwa. Da goshinta ne ke kallon gabas, rabin wannan za ta sha. Allah ya taimaka mun kwantar da farantan sola tun da rana, rumfar ma mun naɗe.

Daga yanzu har kaka, duk inda muka tsaya goshi gabas, ko da ƙofa ba ta kalli inda jama'a suke ba. Rumfa ta samu turakunta, ba za a sake ɗaure ta jikin ɗaki ba. Baba zai yanka mana turakun rodi huɗu masu kunne, a kafa su a karkace, a ja igiyar ɗaure kaya daga shasi zuwa kowanne. Ya ce a ƙara zurfin bakin da ke rungumar shasi, ta yadda ko ɗakin ya ɗaga matokarin ba zai kuɓuce ba. Na yarda da wannan.

Laraba, 2 ga Yuli

Turaku sun samu, an zurfafa bakin matokarai biyu. Kawu ya ce mu dakata da Abalak sai ya ji labarin hanya daga direbobi, ba mu yi masa musu ba.

Tabalak ce ta gaba, kuma ƙasar bakin tafki laka ce, wadda ba mu gwada ba tukuna. A bushe ta fi kankare tauri, ruwa ɗaya kuma falanki mai 30 ya zama ba komai ba. Na sa a yanka manya guda huɗu masu 45 a kan 45, ninki biyu, a haɗa su a gicciye da ƙusa, da igiya a jiki don a iya fizge su in laka ta riƙe. Ƙaramar tayar gaba ma za ta samu nata, da ɗan rami a tsakiya don kada ta gangara. Ƙanena na ganin nauyin falankan ya fara yawa, kuma yana da gaskiya, sai mun sake hawa sikelin inna kafin mu tashi. Mai katako ya ce a zo ranar Asabar.